Wuni guda a bayan Gwaggo

Mu shida ne muka tashi daga Kano ranar wata Laraba a tsakiyar hunturu, maza huɗu mata biyu, dukkanmu 'yan aji biyu a sashen nazarin koyar da masu buƙata ta musamman na Jami'ar Bayero. Malaminmu ne ya ba mu aiki: kowane rukuni ya je wata makaranta ya wuni, ya dawo ya rubuta yadda ake koyarwa a can. Mun shiga mota a tashar Ƙofar Ruwa gari bai gama wayewa ba, muka miƙi hanyar Katsina. A Dawanau manyan motoci sun riga sun ja layi, ana ta loda buhunan wake da riɗi da zoɓo. Bayan mun wuce Bichi muka sauka, muka hau babura uku muka bar kwalta. Hazo ya rufe gonaki, ba abin da ake hangowa sai tarin kara da kukoki da suka zubar da ganye.

Makarantar ba ta da wani allon suna na kirki, ɗan babur ɗin ma sai da muka ce masa "makarantar kurame" sannan ya gane. Azuzuwa uku ne a jere da ofis ɗaya, da doguwar baranda, da bishiyar darbejiya a tsakar fili, sai rijiya a kusurwa da aka rufe da murfin ƙarfe aka danna mata kwaɗo. Iyaye da wasu mutanen gari ne suka haɗa hannu suka gina ta. Aji ɗaya na yaran da ba sa ji ne, ɗaya na waɗanda ba sa gani ko ganinsu ke da rauni, na ukun kuma na waɗanda jiki ko ƙwaƙwalwa ke ba wahala. Duka yaran ba su kai hamsin ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan fili dai sai mutum ya yi hankali da wannan karin magana, don wasu da ji suke rayuwa, wasu da gani.

Mun zo da littattafanmu da tambayoyin da muka tsara a kan tsarin darasi. Shugabar makarantar ta karanta takardarmu, ta ce malamai ba za su fara ba sai takwas da rabi, kafin nan mu bi Gwaggo. Gaskiya ranmu bai so ba. Mun biya kuɗin mota tun daga Kano don mu ga malamai, ga shi an haɗa mu da wata dattijuwa mai tsintsiya a hannu.

Gwaggo za ta yi shekara hamsin da ɗoriya. Ba malama ba ce, ba ta da takardar NCE, aikinta a rubuce shi ne taimaka wa malamai a aji. Kowa Gwaggo yake ce mata, har shugabar. Yaran ajin kurame kuwa suna da nasu sunan da suka raɗa mata da hannu: su ɗora yatsa biyu a ƙarƙashin ido. Da muka tambayi ma'anarsa, aka ce mana "mai kallo".

Tana shara tana bincike. Ta tsince wata ƙusa da fasasshen gilashi a gindin katanga, ta girgiza kwaɗon rijiya ta tabbatar yana kulle, ta tokare kowace ƙofa da dutse har ta manne da bango. Ta cika jarkar wanke hannu ta ajiye sabulu a gefe. Da yara suka fara isowa, wasu a kan babur, wasu goye a bayan yayyensu, ɗaya a keken guragu ƙanensa na tura shi, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana ba kowa hannu. Mun ɗauka gaisuwa ce kawai. Ashe da tafin hannun take jin wanda jikinsa ya yi zafi, idonta kuma yana kan leɓe da ƙwayar ido da yadda yaro ke taka ƙasa. "Wanda yake da baki zai ce miki kansa na ciwo, 'yata," in ji ta ga ɗaya daga cikinmu. "Nawa kuwa, rabinsu sai kin nema." A safiyar nan ta ware wata yarinya mai zazzaɓi ta zaunar da ita a ofis, aka kira mahaifinta a waya.

Lambar wayar daga wani littafi mai baƙin bango ta ciro ta. Kowane yaro yana da shafinsa, rabi an rubuta da boko, rabi da ajami: lambar iyaye, lalurar da yake da ita, abincin da ba ya karɓar jikinsa, maganin da yake sha da lokacinsa, da sunayen waɗanda aka yarda su zo ɗaukarsa. Magungunan suna cikin akwati a ofis, mabuɗin yana ɗaure a bakin zanenta. Ba ta ba wa yaro ko da farasitamol sai wanda likita ya rubuta kuma iyaye suka kawo da hannunsu, in ta bayar kuma ta rubuta ƙarfe nawa.

Shafin da ta fi buɗewa a hunturu na wata yarinya ce mai sikila. Ku ƙannenmu da kuka yi darasin jini kun san AA da AS da SS. Ana ƙiyasin a duk shekara ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu yawa. Sanyi da ƙishirwa da gajiya na cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, domin ƙwayoyin jinin da suka lanƙwashe kamar lauje sukan toshe ƙananan hanyoyin jini. Shi ya sa kujerar yarinyar ke nesa da taga, da rigar sanyi da safa a jikinta, da gorar ruwa a gabanta. Matsalar hunturu ita ce yaro ba ya jin ƙishi, don haka Gwaggo kan bi ta kusa da ita a kai a kai ta ƙwanƙwasa gorar. In zazzaɓi ya zo, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi wuya, ko ɓarin jiki ɗaya ya saki, to ba a jira a tashi, asibiti za a nufa. A ajin da ke kusa kuma akwai wani yaro zabiya. Shi kujerarsa a gaban allo take saboda raunin gani, kuma ba ya fita tara sai da malafa da riga mai dogon hannu. Hazo ba ya hana rana ƙona fatarsa, ƙunar da ta daɗe tana maimaituwa kuwa ita ke jawo wa zabiyoyi kansar fata.

Kuskurenmu na farko mun yi shi tun ƙarfe tara ba ta yi ba. Ɗaya daga cikinmu ya ji iska na kaɗawa cikin ajin makafi, sai ya ture dutsen nan ya jawo ƙofar rabi, a nasa tunanin ya taimaka. Ba a yi minti biyar ba wani yaro ya miƙe zai fita, hannuwansa biyu a gaba, ɗaya ya wuce ta dama da ƙofar, ɗaya ta hagu, goshinsa ya daki bakinta. Ƙofar da take rufe ruf hannu na samunta, wadda take buɗe har bango ba ta tare hanya, amma wadda aka bari rabi tarko ce. Gwaggo ba ta yi mana faɗa ba. Ta saka safar hannu, ta wanke 'yar tsagar da ruwa mai tsafta, ta danne da auduga har jinin ya tsaya, tana yi tana faɗa wa yaron duk abin da za ta yi kafin ta taɓa shi. Sannan ta rubuta a littafi don ta sanar da mahaifiyarsa, ko da ciwon bai kai ya kawo ba. Mai laifin ya ruga zai ja yaron da hannu ya mayar da shi kujera, sai ta tsayar da shi. "Ba a jan makaho, ɗana. Ka ba shi gwiwar hannunka ya riƙe, kai kana gaba kaɗan, in za ku hau dakali ka faɗa masa." Mun ji wannan a lakca. Ranar ce muka fara yinsa da jiki.

A ajin kurame abin da ya ba mu mamaki shi ne harshe biyu ake yi da hannu. Malamar tana koyarwa da alamun makaranta, waɗanda asalinsu daga Amurka ne. Wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, Andrew Foster, shi ya buɗe makarantar kurame a Accra a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960, daga nan alamun da ya zo da su suka bazu a makarantu. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun da daɗewa, wadda ake yi a gida da kasuwa da majalisa, har wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta zauna a Kano ta nazarce ta, ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000. Me ya haɗa wannan da lafiyar yara? Gwaggo ta lura cewa yaro in yana cikin nishaɗi da alamun makaranta yake magana, amma in ciwo ya kama shi ko tsoro, alamun gida yake komawa. Wanda bai san su ba zai tsaya yana kallon yaro na nuna masa ciki na murɗawa, shi kuma yana murmushi. Ƙararrawa ma ba ta da amfani a wannan aji. In ana son kowa ya fito da gaggawa, jan ƙyalle ake kaɗawa a gaban allo, kuma sukan gwada hakan lokaci zuwa lokaci don yara su saba.

Lokacin tara muka koma aji na uku, inda aikin ya fi nauyi. Akwai wani yaro da jikinsa ke sandarewa, wuyansa ba ya tsayawa da kansa, haɗiya ma da ƙyar. Gwaggo ta danne birkin kekensa, ta tokare shi da matashi ya zauna sosai, haɓarsa ta ɗan sunkuyo. Ta zauna daidai tsayinsa tana ba shi kunu mai kauri da ƙaramin cokali, ba ta ƙara wani sai ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Kofi ɗaya ya ci kusan rabin awa. Ɗaya daga cikinmu ta ce ai da an ɗan kwantar da kansa baya da ya fi saurin wucewa. Gwaggo ta ce ta haka ne abinci ke sauka a huhu maimakon ciki, yaro ya shaƙe, ko bayan kwana biyu ya kama ciwon ƙirji a rasa dalili. Ko bayan ya gama ba ta kwantar da shi, sai ya daɗe a zaune. Ta kuma binciki jakar wani ƙaramin ta cire gyaɗa da alewa mai tauri ta ajiye masa sai an tashi.

Batun banɗaki ba mu shiga ba, bai kamata ma mu shiga ba. Abin da muka gani daga nesa shi ne 'yan mata Gwaggo ke rakawa, manyan yara maza kuma Baba maigadi. Abin da yaro zai iya yi da kansa a bar shi ya yi. Akwai kuma ƙa'idar da shugabar ta nanata mana: babu babban da zai kulle ƙofa shi kaɗai da yaro, ko wane ne shi. Yaron da ba ya iya ba da labari shi mugu ya fi nema. In Gwaggo ta ga tabo ko kumburi da ba ta gane ba, ko yaro ya fara firgita in an matso shi, ba ta ɓoyewa don gudun ɓacin ran iyaye, ba ta kuma yawo da maganar a gari. Shugaba take kai wa a ranar.

Wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi abin da ya sa muka rubuta wannan labari ya faru. Yara na wasa a ƙarƙashin darbejiya, sai wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ko sha biyu ta yi wata irin ƙara ta zube. Jikinta ya sandare, sannan ya kama fizga, kumfa na fita ta gefen baki. Farfaɗiya ce. Mu da muka zo daga jami'a, ga abin da muka yi: biyu sun ja da baya, ɗaya ya kama ƙafafunta zai danne, ɗaya kuma ya ruga ya ɗauko cokalin kunun nan. Duk abin da aka koya mana a aji ya gudu, abin da muka taso muna gani a unguwa ya dawo.

Gwaggo ta iso ba gudu ba, ba kuma nawa ba. Ta ture hannun mai cokali. Ta ce wa mai dannewa ya sake ta. Ta cire mayafinta ta naɗe ta saka a ƙarƙashin kan yarinyar, ta janye wani benci da ke kusa, ta sassauta hijabin daga wuyanta. Ta miƙa wa ɗaya daga cikinmu wayarta ta ce, "Riƙe min lokaci." Bakinta na motsi da addu'a, idonta na kan yarinyar. Sauran yaran ko gezau, manyan cikinsu suka janye ƙanana zuwa baranda, da gani sun saba. Da fizgar ta lafa, ta juya ta ta kwanta a gefe ɗaya don yawu ya zubo waje, ta duba numfashinta, ta rufa mata zane saboda ta jiƙa kayanta. Minti biyu ne da 'yan daƙiƙu. A wurinmu kamar awa guda.

Ku riƙe wannan, don a makarantarku ma zai iya faruwa, a aji ko a filin taro. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Cokali ko tsinke ko yatsa da ake cusawa ba abin da suke yi sai karya haƙori da toshe numfashi. Dannewa ba ta tsayar da fizga, targaɗe take jawowa. Ba a ɗura ruwa ko magani sai mutum ya dawo hayyacinsa sarai. Yawun mai farfaɗiya kuma ba ya sa wa kowa cutar, domin ba a ɗaukarta. Daga ƙwaƙwalwa take, saƙonnin da ke gudana a cikinta ne ke rikicewa na ɗan lokaci. Dalilin riƙe lokaci shi ne, in fizgar ta wuce minti biyar, ko ta dawo mutum bai farfaɗo ba, ko ya ji ciwo, ko wannan ne karo na farko, to maganar asibiti ce nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba in sun samu magani yadda ya kamata.

Yarinyar ta buɗe ido tana waige, ba ta san inda take ba. Gwaggo ta riƙa kiran sunanta a hankali tana faɗa mata a makaranta take. Da ta samu ta yi barci a ofis, sai aka buɗe baƙin littafi. A waya mahaifiyar ta ce maganin ya ƙare kwana uku da suka wuce, ba su samu kuɗin saye ba. Gwaggo ba ta ɗaga murya ba, amma ta faɗa mata gaskiya, cewa yanke wannan magani rana ɗaya yana da haɗari. Shugabar ta ce za a duba asusun iyaye.

Da azahar muka zauna da ita a inuwa. A nan muka ji ɗanta na fari sanƙarau ne ya tafi da jinsa yana ƙarami, a wata shekara da zafi ya yi tsanani. Shi ya fara koya mata maganar hannu. Sauran kuma wata ma'aikaciyar jinya ta asibitin garin ce ke zuwa tana nuna mata. Bayanta na ciwo saboda ɗaga yara, duk da ta koyi durƙusawa da gwiwa maimakon sunkuyawa. Albashinta ba za mu faɗa ba, don kunya za ta kama mai karatu. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba su 'yancin karatu kyauta har sakandare, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda keken guragu zai shiga. Doka ce mai kyau. Sai dai a namu ganin, buɗe wa yaro ƙofar aji ba zai wadatar ba in babu mai zama kusa da shi da ya san lokacin maganinsa. Ana horar da malamai a Oyo da Jos da Kano, ya kamata masu taimaka musu su ma a koya musu agajin gaggawa a ba su takarda, a biya su abin da zai riƙe su.

Ƙarfe ɗaya da rabi aka tashi, kuma wannan ne lokacin da Gwaggo ta ce ta fi tsoro a duk wunin. Hanyar da ta bi ta gaban makarantar ta babura ce, ranar kasuwa har da motocin ɗaukar kaya. Ɗan babur ya saba in ya danna oda yara su watse. Waɗannan ba za su ji ba, wasu kuma za su ji amma ba za su san ta ina ba. Baba maigadi ya buɗe ƙofar kaɗan, yadda mutum ɗaya ne zai iya wucewa. Gwaggo ta fita tsakiyar hanya da jan ƙyallen nan a hannu, ta tsayar da babura, ta tsallakar da yara rukuni rukuni.

Ana cikin haka wani saurayi ya faka babur ya nuna yarinyar da ta faɗi, ya ce shi kawunta ne, an aiko shi. Gwaggo ta buɗe littafi, ta bi layin da yatsa, babu sunansa. Ya fara ɗaga murya, wai kowa a garin nan ya san shi. Ta ce, "Yi haƙuri, ɗana, ni ce ban san ka ba." Ta kira mahaifiyar, ta sa wayar a kunnensa suka yi magana, ta karɓa ta sake tambaya da kanta. Sannan ta rubuta sunansa a shafin. Amma ta ce yarinyar da ta faɗi ɗazu ba za ta hau bayan babur ita kaɗai ba, sai da aka samo yayarta ta zauna a baya ta riƙe ta.

Mun yi sallama da shugabar, muka samu baburan da za su mayar da mu kwalta. Shafukan da muka ware don tsarin darasi kusan babu komai a cikinsu. Da muka waiga, Gwaggo na zaune a dakalin ƙofa da yaron nan mai keke, wanda ƙanensa bai zo ba tukuna, tana gyara masa matashin wuya.